Hoton Mma Salimatu

Zalia na tsakar gida tana wanke ganyen dawa da ke ba tukunyar wake da shinkafa launi ta ji muryar mahaifiyarta daga ɗaki, da ƙarfin da ba ta saba ji ba.

"Zalia, zo nan ki ga abin da saurayinki ya yi mini."

Mma Salimatu na zaune bakin gado, wayarta a hannu. Shekara ashirin tana sayar da abinci a bakin titin Maamobi, babu wanda ya taɓa ganin gashin kanta. Yau ga hotonta ba ɗankwali, sabon kitso a fili, fuska an goge ta ta koma ta 'yar shekara ashirin da biyar, ya isa wayar duk wanda ke cikin lambobinta — har limamin unguwa da mai kawo mata gawayi. A ƙarƙashinsa an rubuta da Turanci wai su ma su zo su gwada.

"Wa ya taɓa wayar nan in ba Hakim ba? Makon jiya ya sauya mini gilashinta. Dama na faɗa, mai gyaran waya mai tonon asirin mutane ne. Ki gaya masa kada danginsa su kawo goron nan ran Asabar. Na fasa."

"Mma, wallahi ba halinsa ba ne—"

"Na gama magana."

Zalia ta koma kan ganyenta, hawaye na ɗiga cikin ruwan wankin. Shekara biyu suna jiran wannan Asabar ɗin.

Da ta kira Hakim a shagonsa na unguwar Nima, ta yi zaton zai fusata. Sai kawai ya ce, "Kunya ce ke cin ta, Zalia. Uwa ce. Kada ki yi mata gardama, zan zo."

Ya zo ranar, Mma ta ƙi fitowa. Ya gaisar daga ƙofa ya tafi. Kashegari ma haka. A rana ta uku ya tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake, babu hanyar guduwa. Ya durƙusa.

"Mma, ba wanke kaina na zo yi ba. Abin da ya tura hoton yana nan cikin wayar, kuma zai sake. Ki bari mu cire shi. Ba zan taɓa ta ba, ba ma zan kalla ba."

Ya jawo kujera ya zauna, ya juya mata baya, fuskarsa na kallon bango. Zalia ta danne dariya da gefen mayafinta.

"Zalia, nuna wa Mma setin wayar. Ku shiga wurin izinin manhajoji, ku taɓa lambobin waya. Karanto mini duk wanda aka ba izini."

Ta karanto guda huɗu. Na biyar wani baƙon suna ne mai alamar fure.

"Wannan fa, me yake yi?" in ji Hakim.

Mma ta yi gyaran murya. "Na gyaran hoto ne."

"To mai gyaran hoto me ya haɗa shi da lambobin mutane? Ku duba, yana da izinin saƙonni?"

Yana da shi. Yana da na hotuna duka, da na makirfo, har da na sanin inda mutum yake.

"Yaushe aka saka shi, Mma?"

Zalia ta ga hannun mahaifiyarta ya tsaya cak a kan wayar. Ran Lahadi ne, wurin suna a Kawukudi, kwana uku bayan gyaran gilashi. Ƙawarta Na'ima ce ta nuna mata yadda abin ke share tamoji.

"Ya yi ta tambayata da Turanci," in ji Mma a hankali, "ni kuwa na yi ta danna Allow don ya ƙyale ni in ga fuskata."

Sai Mma ta rufe fuska da zani, kafaɗunta na girgiza. Zalia ta tsorata, ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta.

"Ni Salimatu, da jikoki uku, ina neman zama budurwa. Juyo, ɗana, juyo. Ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba, Mma."

Ko da ya juyo bai karɓi wayar ba. Da yatsanta ta janye izinin ɗaya bayan ɗaya, ta goge manhajar, ta sauya lambar sirri yana kallon ƙasa. Ya koya mata: hotuna, ta zaɓi wanda take so kawai; sanin wuri, sai lokacin da take amfani da abin; duk wanda ya nemi abin da bai shafi aikinsa ba, ta hana.

"Ranar da ka sa gilashin, ba ka leƙa ba ko kaɗan?"

"A kashe na gyara ta, Mma. Amana ce."

Mma ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce wa Zalia ta zubo masa abinci, da ƙwai biyu da taliya, kada ta yi rowar yaji.

Ran Asabar dangin Hakim suka kawo goro, Mma da kanta ta shimfiɗa musu tabarma. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, unguwa ta cika da kiɗa. A wurin walima Zalia ta hango mahaifiyarta ta tara ƙawaye biyar, Na'ima a tsakiya, kowace da waya a hannu, tana ba su umarni kamar malamar makaranta: "Kada ki danna tukuna, Hajiya. Karanta me yake nema."

Zalia ta dubi mijinta, ya dube ta, suka yi murmushi.

Haka haƙurin Hakim ya saya masa abin da gardama ba za ta taɓa saya ba. Kada a yanke wa mutum hukunci kafin a bincika, kuma kada a ba kowa izinin shiga sirrinka, mutum ne ko manhaja, sai ka san abin da zai yi da shi.