Kiran da Aka Ɗaga a Shagon Aski

Ƙarfe ɗaya da kwata na ranar Asabar Kafinta ya dawo gida da sabon aski a kansa, ya tarar da ƙofarsa a wangale. An zura ƙarfe tsakanin ƙofar da bango an ɓalle sakata, katakon ya tsage tun daga sama har ƙasa. Shi ya sassaƙa katakon nan da hannunsa shekara goma sha biyu da suka wuce.

Ya shiga da gudu. Talabijin tana nan. Keken ɗinkin matarsa yana nan a lulluɓe. A falo ba a taɓa ko tsinke ba, har cajar kwamfutar 'yarsa Ummi tana maƙale a soket. Sai da ya leƙa ɗakin Ummi ya ga katifa a jingine da bango, gado fayau.

Ummi tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Rubutun bincikenta na wata tara yana cikin kwamfutar nan, ranar Litinin za ta miƙa, kuma ba ta da kwafinsa a ko'ina. Shi ne ya hana ta yawo da ita saboda masu ƙwace, shi ne kuma ya ce ta riƙa turawa ƙarƙashin katifa.

Da Maman Ummi da Ummi suka dawo daga asibiti, inda suka je dubiyar kakar Ummi, yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dubi gadon, ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Wannan shirun ya fi ƙona masa rai.

'Yar sandan da aka turo gajeriya ce mai kimanin shekara arba'in, cikin kayan gida, da ɗan littafi a hannu. Saja ake ce mata. Kafin ta gama gaisuwa Kafinta ya nuna gidan da ke jikin nasa.

"Ranki ya daɗe, ba sai kin wahala ba. Mai Kaji ne. Tun rigimar kwata yake neman hanyar da zai cuce ni."

"Ka gan shi?"

"Na san shi."

"Ba ita na tambaya ba, Malam."

Ta duba ƙofar, ta duba ɗakin, ta cire cajar daga soket ta jefa a jaka. Sannan ta zagaya bayan tankin ruwa ta tsaya. Dogayen takalman roba guda biyu, irin na damina, suna yashe a kife. An zaro shimfiɗar cikinsu an yar a gefe.

"Na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Kafinta.

Maman Ummi ta matso. "Ba haka na bar su ba. A ciki na yi niyyar sa masa makulli. Da na zura hannu sai na ji ruwa ya taru, na fasa, na jefa makullin a jakata. Na jera su a tsaye, na tura masa saƙo."

"Ban ga saƙo ba."

"Yaushe ka taɓa gani?"

Aka kira Mai Kaji. Ya fito da dusa a hannunsa, ransa a ɓace tun kafin a yi magana.

"Ina bakin ƙofa suka fita. A gabana ta kulle, ta sa makulli a jaka, na ce a gaida mai jiki. Daga nan na tafi sayo abincin kaji. Matata ta ji bugu wajen sha biyu saura, ta ɗauka shi ne. Kullum ai cikin bugu yake, ba Asabar ba Lahadi."

"Ƙarya yake," in ji Kafinta.

"Uban ƙarya. Ka gyara kwatarka tukuna."

Saja ta ɗaga hannu, ta sallami Mai Kaji.

"Kin bar shi ya tafi?" in ji Kafinta.

"Wanda ya ga makulli ya shiga jaka ba zai je yana zazzage takalmi ba."

"To mai ruwa ne. Shi ke zagayawa bayan tanki."

"Ƙarfe takwas ya zo," in ji Maman Ummi. "Bayan tafiyarsa da awa biyu na taɓa takalman."

"Kuma mai ruwa bai san abin da ke ƙarƙashin katifa ba," in ji Saja. "Wanda ya shigo nan abu biyu ya sani. Ɗaya gaskiya, ɗaya tsohon labari. Ya san inda kwamfuta take. Ya kuma ɗauka makulli yana cikin takalmi. Hajiya, wa kika gaya wa maganar takalmi?"

"Shi kaɗai. A waya, wajen goma da rabi, kafin mu fita."

Ummi ta ɗago kai a karo na farko. "Ni ma na karɓi wayar. Na ce Baba na tura ta ƙarƙashin katifa kamar yadda ka ce, sai bayan azahar za mu dawo."

Saja ta juyo ta dubi Kafinta.

"Kana ina lokacin?"

"Shagon aski."

"A kunne ka kara wayar?"

"Ana min aski ne. Hannuna yana cikin mayafi."

"Malam, a kunne ka kara?"

"Na buɗe lasifika."

Maman Ummi ta juyo. Kallonsa kawai ta yi, ya kau da kai.

Shagon askin ɗaki ɗaya ne: kujera, madubi mai tsaga a kusurwa, benci, da rediyo a kan kanta. Mai Aski yana kaɗe gashi daga injinsa, wani tsohon direba yana kan benci ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, sandarsa a gefe.

"Ka ji wayar da ya yi ɗazu?" Saja ta tambaya.

"Ranki ya daɗe, wa bai ji ba? Wayar Kafinta ai ita ce rediyonmu ta biyu. Na sha gaya masa, mutum ya shigo cikin jama'a ya buɗe iyalinsa kamar mai talla. Ko ita baiwar Allah ba ya ce mata ana ji. Sai ya ce wai ni aski aka ce in yi ba wa'azi ba."

"Ka iya bakinka," in ji Kafinta.

"Ni ne zan iya bakina?"

"Su wa ke nan?" in ji Saja.

"Ni, da Direba, da wani baƙo da ban taɓa gani ba, sai Fenta."

"Ni tun safe ban motsa ba," in ji tsohon, ya buga sandarsa a ƙasa. "In kin ga na ɓalle ƙofa da ƙafar nan, ki kama likitana."

"Baƙon fa?"

"Shi na yi wa bayan Kafinta. Aski da gyaran gemu, har da wankin kai. Sai sha biyu da wani abu ya fita. Bai ma san Kafinta ba, balle gidansa."

"Baƙo ya riga Fenta zuwa ke nan."

Mai Aski ya dakata da kaɗe injin. "A'a. Fenta ne a layi. Kusan awa guda yana jira, yana ta mita. Ana gama wayar ya ce wa baƙon ya hau, shi zai dawo."

"A ranar Asabar?" in ji Direba. "Mutumin da ya taɓa zagina a kan layi."

"Ya dawo?"

"Har yanzu."

Saja ta dubi rediyon da ke ta surutu a kan kanta. "Da wannan ƙarar kuka ji waya?"

"An rage ta lokacin."

"Wa ya rage?"

Mai Aski ya dubi Kafinta ta cikin madubi. Kafinta ya tuna. Wayar tana kan cinyarsa, Fenta ya miƙe ya murɗa rediyon, shi kuma har ya ɗaga masa kai alamar godiya.

"Ba shi ba ne," in ji Kafinta. "Shekara ashirin muna aiki tare. Ni in kafa, shi ya shafa. Ɗakin Ummi ma shi ya yi wa fenti."

"To ya san ɗakin," in ji Saja.

Sun sami Fenta a rumfarsa cikin kasuwa, yana wanke buroshi a cikin bokiti, sumarsa na nan yadda take. Ya miƙe da fara'a.

"Abokina, lafiya na gan ka haka?"

"An shiga gidansa," in ji Saja. "Ka ji wayar da ya yi a shagon aski?"

"Subhanallahi. Wallahi ban ji komai ba. Kin san shagon nan, rediyo kamar gidan biki."

"Me ya fitar da kai bayan ka jira awa guda?"

"Aiki aka kira ni."

"A ina?"

"Wani gini ne can bayan gari."

"Wayarka ta yi ƙara a shagon?"

"Saƙo ne."

"To. Raka mu nan baya, ka taya abokinka cigiya."

Bayan kasuwar akwai layi guda na masu gyaran waya da kwamfuta. Saja ta ciro cajar daga jaka ta riƙe a fili, igiyar tana reto, ta sa Fenta a gefenta. Suka wuce rumfa ta farko, ta biyu, ta uku. Kafinta yana biye. A rumfa ta biyar wani mai gyara da tabarau a goshi ya ɗago kai, ya ga Fenta, ya ga cajar.

"Yauwa, ka samo? Kawo mu gani. Duk nawa babu mai shiga bakinta."

Fenta ya tsaya cak.

"Me ya kawo maka?" in ji Saja, ta nuna masa katinta.

Mai gyaran ya sauke tabarau. Ya jawo kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, da hoton fure manne a murfinta. "Ya ce ta 'yarsa ce, ta manta lambar buɗewa, a goge komai a mai da ita sabuwa. Batirin ya mutu, ba ta tashi sai da wuta."

"Ka goge?" Kafinta ne ya tambaya.

"Ban ma kunna ta ba."

Kafinta bai san lokacin da ya cakumi wuyan rigar Fenta ba. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare shi.

"Yarinyar da ta tashi tana ce maka Kawu. Ka ci abinci a gidana. Wata tara tana rubutu, ka kawo a goge."

Fenta ya gyara rigarsa, idonsa a ƙasa. "Ni ban tambaye ka komai ba. Ina zaune ka faɗa min inda makulli yake, da inda kaya yake, da lokacin da za a dawo."

Kafinta ya sake zabura, Saja ta shiga tsakani, ta sa wa Fenta ankwa.

"Abin ba wuya," ta ce wa Kafinta. "Makulli bai taɓa shiga takalmin nan ba. Maganar kawai aka yi, sau ɗaya, a waya. Duk wanda ya zazzage takalmin, wayar ya ji. Mutum huɗu suka ji. Uku suna shagon har aka gama ɓalle ƙofarka. Na huɗun ya rage rediyo don ya ji da kyau, ya bar layin da ya jira awa guda, sannan ya rantse min bai ji komai ba. Cajar kuma babu wanda ya ambace ta a wayar, shi ya sa ya bar ta." Ta rufe littafinta. "Shi zai amsa laifinsa. Amma matarka da 'yarka da kai suka yi magana, Malam. Ba su san da mutum huɗu a ɗakin ba."

Da la'asar Ummi ta jona kwamfutar a falo. Su uku suka zuba wa allon ido har ya kawo haske. Ta buɗe, ta gangara har shafi na ƙarshe, sai a lokacin ta fashe da kuka. Ta kwashi kayanta ta shige ɗaki.

Kafinta ya ɗauko guduma zai nufi ƙofa.

"Ajiye," in ji Maman Ummi. "Zauna."

Ya zauna.

"Yau ne farko?"

Ya dubi gudumar da ke hannunsa.

"Watan jiya Mai Aski ya tare ni a hanya yana min ya jiki. Na yi ta mamakin inda ya ji, don kai kaɗai na gaya wa abin da likita ya ce. Ranar da na kira ka ina kuka a kan maganar ƙanena, su wa ke wurin? Ranar da muka yi faɗa fa? Tun yaushe, Baban Ummi?"

"Shekara uku."

"Shekara uku ina magana da mijina, ashe da kasuwa nake yi."

Ya juya gudumar a hannunsa. Ya daɗe yana tsoron ranar nan. Tsoronsa kar masu ba da aiki su ji, su ce ya tsufa, alhali Ummi ba ta gama ba, ƙannenta biyu suna makarantar kwana.

"Ba raini ba ne," ya ce. "Injin yanka katako ne. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ma, in na kara waya, sai in ji kamar kina cikin rijiya. In ban buɗe ba, ba na jin ki."

Ta daɗe tana kallonsa. Fushin bai bar fuskarta ba.

"Duk garin nan sun san ciwona," ta ce a hankali, "ni ban san naka ba."

Ya ga bakinta ya motsa, bai kama maganar ba. Da can sai ya gyaɗa kai kamar ya ji. Yau ya juyo mata da kunnen dama.

"Sake faɗa."

Ta taso ta zagayo ta wannan gefen, ta zauna.

"Na ce ranar Litinin, in Ummi ta miƙa takardarta, asibiti za mu. Yanzu tashi ka gyara min ƙofata."