Wayar Bara'atu Tana Cikin Buhun Gero

Yau kwana tara ke nan da na ɓoye wayar ɗiyata cikin buhun gero, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Mu biyu ne a gidan nan, Kwatarkwashi, tun rasuwar mahaifinta. Bara'atu malama ce, tana koyar da kemistiri a sakandaren 'yan mata. Makarantar ba ta da kayan gwaji, sai allo da alli. Shi ya sa take sauko da bidiyo daga intanet ta nuna wa ɗalibai. Can ta ga yadda ruwan zoɓo ke canza launi in an sa kanwa, ta gwada a aji, yara suka yi ta ihu. Sai dai sabis ba ya kamawa a gidanmu, sai ta hau dutsen bayan gari.

Wata Laraba bidiyon ya yi nauyi. Aka kira magariba saura kaɗan ya gama, ta zauna tana jira. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san ba a zama kan dutse da magariba.

Washegari, rana na faɗuwa, tsakuwa ta fara sauka kan kwanon rufinmu. Ɗaya. Shiru. Sai wata. Daga ɗakinta na ji muryar Baturiyar da ke magana a bidiyoyinta tana bayani, alhali wayar na hannuna a kashe. Na leƙa. Bara'atu ce zaune, bakinta na motsi, idanunta ba su san ni ba.

"Bara'atu?"

"Ba ta nan," in ji ta.

Maƙwabta suka daina shigowa. Kwana huɗu ni kaɗai nake riƙe ta, kafin ƙanena ya ɗauko Malam Manu daga Tsafe. Ya daɗe yana karatu a kanta. Can sai muryar tsohuwa ta fito daga bakin ɗiyata.

"Malam, bari ƙona ni. Ban cuce ta ba."

"Mi kike so gare ta?"

"Shekara nawa ba wanda ya zauna kusa da ni. Ita kullum tana zuwa, muna kallo tare. Rannan ba ta tashi ba, na ce ta yarda da ni."

"Ɗiyar mutane ce. Fita."

Tsohuwar ta yi kuka, har ni sai da na ji tausayinta. Ta ce za ta tafi, amma in yarinyar ta sake hawa, ba saki. Bara'atu ta yi atishawa ta faɗi.

Ta warke, alhamdulillahi. Ta koma aiki da alli kawai. Ba ta taɓa tambayata wayar ba, sai dai in ta dawo ta zauna bakin murhu tana kallon wuta. Jiya ta ce, "Inna, jarrabawarsu saura wata guda, kuma rabin abin ba su taɓa gani da ido ba."

Na san in na ba ta, za ta hau. In na hana, ina kallonta tana ramewa a gabana. Ba ni da kowa sai ita. Don Allah, ku da kuka fi ni sani, in fito mata da ita ko in bari?