Gwangwanin Barbaɗe na Bakin Taga

Da la'asar sakaliya ne, yayyafin da aka wuni ana yi ya ɗauke, sai ɗigar indararo da ke sauka cikin bokitin da Mama ta tara. Auta ya dawo daga gidan burodi, ya tsaya a bayan gida kamar yadda ya saba tun ranar da likita ya yi magana. Ya tuɓe rigar aiki, ya wanke hannu har gwiwa, ya wanke kai, ya sa wata riga. Yana cikin goge kunne ya ji wata murya mai kauri a falo, wadda ba ta gidan ba.

Yayan matarsa ne, direban babbar mota, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne.

"Mai burodi, shigo! Kai nake jira."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya?"

"Bar hanya inda take. Dubi ƙanwata... A'a, dube ta da kyau! Haka na ba ka ita?"

Auta ya duba. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyar da ƙananan yara da take yi, tana kishingiɗe a doguwar kujera, hannu dafe da ciki. Zoben da ya saya mata yana yawo a yatsarta.

"Yaya, don Allah ka rage murya..." in ji ta.

"Ba zan rage ba! Likita ya ce alkama ce ke cin hanjinki, ya ce ko ƙurarta kada ta shiga bakinki. To mutanen gidan nan tun daga kaka alkama suke ci, alkama suke shaƙa, in aka kaɗa su fulawa ce za ta tashi!" Ya juyo ga Auta. "Ƙarshen mako zan dawo daga tafiya. In na same ta haka, mota zan sa ta in kai ta wurin tsohuwarmu. In kana son matarka, ka nemi ɗaki wani wuri, ka raba ta da kicin ɗin mahaifiyarka. Na gama."

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Labulen kicin ya ɗan motsa, sannan ya tsaya. Auta ya san Mama ta ji komai.

Ya nemi ɗaki wani wuri? Shi ne auta, yayyensa duk aure da aiki sun watsa su. Tun rasuwar Baba, in ya fita daga gidan nan, Mama da agogon bango kawai za a bari.

In kuma ya zauna, Malama ce za ta tafi.

Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar, ya riƙe yatsunta. Sai zuciyarsa ta koma can baya, lokacin da Baba yake da rai, yana tsaye bakin tanderu da tawul a wuya. Kullum da safe wata yarinya mai jakar littattafai takan tsaya a gaban kantar gidan burodin ta ce, "A ba ni wanda ya fi ƙonewa." Auta ya riƙa ɓoye mata na ƙuryar tanderu, mai ɓawon da ke ƙaras-ƙaras. Wata rana Baba ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ya ce, "Auta, yarinyar nan fa ba burodi take zuwa saye ba. Kai kuma ka daina ƙona min kaya da gangan."

Baba ya ga aurensu, bai ga ciwon ba. Daga baya ne ramar ta soma, da kumburin ciki, da gajiyar da ba ta da dalili. Suka yi ta yawon asibiti har aka gano: akwai wani ɗanko a cikin alkama da jikinta ba ya ɗauka, kuma ba shi da magani sai ƙauracewa. A hanyar dawowa ta yi dariya har hawaye suka zubo.

"Ka ga ikon Allah, na auri mai burodi, an hana ni burodi!"

Mama ce ta ɗauki abin da zafi. A wuni guda ta sa aka kwashe buhunan fulawa zuwa gidan burodi, ta wanke kicin tun daga rufi har ƙasa, ta sayo sabuwar roba, sabuwar rariya, sabbin gwangwanayen gashi. Da Auta ya ce a riƙa yi wa Malama nata daban, sai ta harare shi.

"Ba a ɗora tukunya biyu a gidana. Abin da ɗiyata za ta ci, shi kowa zai ci."

Shinkafa, wake, dankali, kifi, ganye, duk wannan mai sauƙi ne. Burodin ne ya ba ta wuya. Garin shinkafa da na masara da sitacin dankali ba su da ɗanko, ba sa miƙewa a hannu, ba sa jin lallashi. Na farko da ta gasa, Malama ta ƙwanƙwasa shi da cokali ta ce, "Mama, a ajiye wannan, in za a ƙara ɗaki ya yi amfani." Mama ta bi ta da muciya har tsakar gida. Na biyu ya wargaje kamar yashi. Sai da ta gane kwaɓin yana son ruwa-ruwa, yana son ƙwai da ɗan mai, kuma ba a murza shi, zuba shi ake yi a gwangwani a bar yis ya yi aikinsa. Ranar da ya tashi da kyau, Mama ta ɗauko shi kamar jariri.

To, duk da haka ga Malama kwance.

"Malamata," ya ce a hankali, "me kike ci a makaranta?"

"Abin da na tafi da shi daga gida."

"Ko ni ne? Ko ban wanke kaina da kyau ba?"

"Kai? Ai ka kusa saɓule fatarka, Autan Mama."

"To mene ne, zuciyata? Ke ce mai ilimi, ni gari kawai na sani."

Ta juyar da fuska wajen bango. Ta ce, "In na ci shinkafa lafiya lau. In na ci wake lafiya lau. Duk ranar da Mama ta gasa burodi... washegari sai na kwanta."

"Tun yaushe kika sani?"

"Da ɗan daɗewa."

"Kuma kike ci?!"

"Ka taɓa kallon fuskarta lokacin da take yanka min? Sai ta tsaya a kaina tana jira in ce ya yi daɗi. Yaya zan yi in ture shi?" Ta damƙe hannunsa. "Kada ka faɗa mata, don girman Allah. Zan ce burodi ya fita a raina."

"Ki ce ya fita a ranki? Ke? Wa zai yarda?"

Washegari da hantsi ya bar wa ma'aikata tanderu ya dawo gida. Ya wanke jiki, ya jawo 'yar kujerar nan ta kicin wadda yake zama a kai tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

"Yau kuma lafiya?" in ji Mama, ba ta dube shi ba. Idonta ya ɗan kumbura.

"Kallo na zo yi. Ina son in koya."

"Ɗan mai burodi zai koyi burodi a wurina. To, buɗe ido."

Ya buɗe. Ta tankaɗe garin shinkafa da sabuwar rariya. Ta auna na masara, ta auna sitaci. Ta fasa ƙwai, ta zuba yis ɗin da ta jiƙa da ruwan ɗumi. Ya ɗauki kowane ƙunshi ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu. Babu alkama ko ta misƙala. Har ya soma jin kunyar kansa.

Tana ba shi labarin yadda Baba ya taɓa yin barci a kan buhu ya tashi fari fat, ta jawo gwangwanin gashi ta shafe shi da mai. Bakinta bai daina magana ba, idonta na kan Auta, sai hannunta na hagu ya miƙa bakin taga shi kaɗai. Ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara mai murfi huje-huje. Kaf, kaf, ta barbaɗa. Ta juya gwangwanin gashin, ta buga gindinsa, farin gari ya lulluɓe cikinsa.

Auta ya ƙura wa gwangwanin madarar ido. Tun yana yaro yake ganin abin nan a wurin, har idonsa ya daina ganinsa.

"Mama... tsaya."

"Me?"

"Mene ne a cikin wannan?"

"Wannan? Ai barbaɗe ne, don kada burodi ya kama. Ba ya shiga kwaɓi, ba a lissafa shi cikin..."

Ta dubi gwangwanin, ta zazzaga kaɗan a tafin hannu. Ba ta buƙatar ɗanɗanawa. Matar da ta yi rayuwarta cikin fulawa ta san ta ko a duhu.

"Da hannuna na cika shi," ta ce, murya can ƙasa. "Ranar da za a kwashe buhuna, na ce bari in cika kafin su tafi da su... Auta, ni ce? Duk wannan kwanciyar da yarinyar nan take yi, ni ce?"

"Ba ke ba ce, Mama. Sabo ne."

"Babanka ne ya huda shi da ƙusa, satin da aka kawo ni gidan nan. Na ƙona masa burodi ya manne, ina kuka. Ya ce, 'Daina ɓata hawaye, ga maganin.' Shi ya ajiye shi a nan. Ban taɓa gusar da shi ba, ko da ake fenti."

Ta zauna daɓas a kan kujerar da Auta ya tashi, gwangwanin a cinyarta.

Ba su ji shigowar Malama ba. Ranar ba ta iya zuwa makaranta ba, muryoyinsu ne suka taso ta. Ta durƙusa a gaban Mama.

"Ki bi yayanki, 'yar nan," in ji Mama, hawaye na bin kumatunta. "Ko ku nemi ɗakinku. Hannuna ya tsufa, ba ya jin magana. Yau barbaɗe ne, gobe ban san me zai ɗauko ba."

"Ba inda za ni, Mama."

"Na kusa kashe ki!"

"Kin koyi sabon burodi da furfura a kanki saboda ni. Wace uwar miji ce za ta yi wa surukarta haka? In kin kore ni ma ta taga zan dawo."

"Ji ta... marar kunya," in ji Mama, tana dariya tana kuka, ta jawo kanta ta rungume.

Da ta share ido, ta miƙa wa Auta gwangwanin da hannu biyu.

"Kai shi gidan burodi. Ka ajiye shi kusa da tanderu, inda babanka ya saba tsayawa. Kada ka bari yaran nan su yi wasa da shi."

Ranar ta dirje gwangwanayen gashi da ruwan zafi har hannunta ya yi ja, ta wanke bakin tagar, ta sake kwaɓi.

Ƙarshen mako Yaya ya iso da ƙarar mota da shirin faɗa. Ya sami ƙanwarsa zaune a tsakar gida tana cin burodi da shayi, tana gardama da Auta a kan wanda zai ci ɓawon. Ba ta yi ƙiba ba, wannan sai a hankali, amma idonta ya dawo. Suka gaya masa abin da ya faru. Ya dubi Mama, ya sosa ƙeya.

"Mama, ki yafe min ɗaga muryar ran nan."

"Da ba ka ɗaga ba da har yanzu muna barci. Zauna ka ci."

Ya ci yanka huɗu, ya ce bai kai na alkama ba, sannan ya nemi a ƙunsa masa na hanya.

Magana ta mutu, gida ya zauna. Sai dai Auta ya lura da wani abu. Duk ranar gashi, Mama za ta shafa mai, hannunta ya tafi bakin taga, ya lalubi iska, ya dawo. Sai labarin da take bayarwa ya yanke. Ta ɗebi garin shinkafa da yatsu ta watsa, wani wuri ya yi yawa, wani wuri babu, burodin ya fito da gefe a yage. Ta dai rage surutu a kicin.

Wata yamma yana wanke kai a bayan gida ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya leƙa. Malama ce tsugune da sabon gwangwanin madara, da ƙusa, da dutse, harshe a waje kamar ɗalibarta mai koyon rubutu.

"Malamata, kawo in yi miki, za ki fasa yatsa."

"Shhh! Wuce abinka. Ba ka ga komai ba."

Da safe ta tafi makaranta tun kafin a kunna wuta. Auta ya yi ta jan ƙafa a ƙofar kicin, wai yana neman takalmi. Mama ta shafa mai. Hannun ya tafi bakin taga, sai ya ci karo da abu.

Ta tsaya. Ta juya shi a hannu, ta dubi hujojin da suka karkace, wasu manya wasu ƙanana. Ta zazzaga kaɗan, ta ɗora a kan harshe. Shinkafa.

Ba ta tambayi kowa ba. Kaf, kaf, ta barbaɗa, ta juya gwangwanin gashin, ta buga gindinsa.

"Auta, kana nan tsaye? Na taɓa ba ka labarin ranar da babanka ya sa gishiri a madadin sukari?"