Kujerar Gaétane

Abin da Marjolaine ta fara lura da shi yatsun wani ɗalibinta ne. Duk sun tsage saboda sanyi da baƙin mai, ya kuma riƙe fensir kamar mai tsoron karya shi.

Ajin Faransanci ne na manya, a ɗakin ƙasa na wani coci a garin Matane, kowace Asabar da hantsi. Ranar ta fara koya musu subjonctif.

"Wannan salon na abin da bai tabbata ba ne," ta ce. "Abin da kake so, ko kake tsoro, ko kake roƙo. Wa zai ba ni misali?"

Declan Hearn, bakaniken jirgin fito da ya zo daga tsibirin Newfoundland na masu jin Turanci, ya daɗe yana juya fensir. Can ya ce da gurguwar Faransanci, "Ina tsoron kada a tashi ajin nan."

Aji ya fashe da dariya. Ita kuwa ta juya tana goge allon da babu komai a kansa.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Malama, dole ne in gan ki. Na rubuta daidai?"

Ta amsa da kirarin ƙauna irin na Faransanci: "Ka ci rabin maki, ɗan kabejina. Sauran rabin sai ka zo da kanka."

Wata uku suna yawo a bakin kogi, yana kuskure tana gyarawa. Sai ta kai shi gida ya gaida mahaifinta.

Gidan Aurèle Gagné shi ne na ƙarshe kafin daji. Shekara shida da rasuwar matarsa Gaétane, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa, amma har yau faranti uku yake jerawa. Marjolaine ta ji nauyin faɗa wa Declan wannan. Tana rataye rigunan sanyi, shi kuma ya shiga kicin, ya ga kujera mai lilo a gefen taga, ya zauna.

Cokali ya faɗi daga hannun tsohon.

"Tashi! Ka zauna mata a cinya!"

Declan ya zabura ya miƙe, yana ba da haƙuri da Turanci, abin da ya ƙara ɓata lamarin.

"Ba a taɓa yin wannan yaren a kicin ɗinta ba," in ji Aurèle. "Marjolaine, raka baƙonki."

A mota ya daɗe bai tada inji ba.

"Masoyiya, wa ya zauna a kujerar kafin ni?"

"Babu kowa. Shekara shida ke nan."

"Da ɗumi na same ta. Ga shi tana nesa da murhu."

Ba ta yi mamaki ba. Ita ma takan tarar da kujerar ta juya ta fuskanci ƙofa a ranakun da ta makara.

Aurèle ya kafe. "Uwarki ba ta yarda ba," yake cewa, yana kallon wajen taga. Ya ma soma gayyato Réjean, ɗan maƙwabcinsu, cin abincin Lahadi. Marjolaine kuwa ba ta iya tafiya ta bar tsohon, ba ta kuma iya aure babu albarkarsa. Ta daina amsa waya.

Ana saura kwana uku shekara ta ƙare, saƙon Declan ya zo: "Ba na so ki zaɓa tsakanina da shi. So nake ki buɗe mini ƙofa safiyar sabuwar shekara. Na kwana goma ina haddace abin da zan faɗa."

A gidajen tsofaffin garin, safiyar sabuwar shekara babban ɗa ke durƙusawa ya roƙi uba albarka, kuma uba ba ya hanawa a ranar. Tun rasuwar Gaétane, Aurèle bai sake ɗora hannu a kan kowa ba.

Declan ya iso ƙanƙara na zuba, ya tuɓe takalma. Marjolaine ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka sa mana albarka."

"Ba ni kaɗai ba ne a gidan nan," ya ce.

Sai Declan ya wuce shi, ya je gaban kujerar, ya sa gwiwa biyu a ƙasa.

"Madame, ina roƙo ki yafe mini. Ina tsoron kada ki ga ban isa ba. Ina so 'yarki ta tsufa a gefena, 'ya'yanmu su yi magana da harshenki a kicin ɗin nan."

Har itacen murhu ya daina ƙara.

Kujerar ta sunkuyo gaba a hankali, ta koma baya. Sau ɗaya. Taga a rufe take, kuma babu wanda ya motsa. Marjolaine ta ji ƙanshin alli.

Aurèle ya karkata kai kamar mai sauraro, idanunsa sun cika.

"Ta ce ka yi kuskure biyu," ya ce. "Ta kuma ce ka tashi, ƙasar da sanyi."

Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan Declan. "Allah ya yi muku albarka. Ya sa ku daɗe tare fiye da yadda muka samu."

A watan Yuni aka ɗaura aure a cocin, aka yi liyafa a ɗakin ƙasa inda suka haɗu. 'Yan aji suka yi ta tsokanar ango wai maki ya aura. Masu goge suka ɗauki kiɗa, har Réjean ya shiga rawa.

Ana tsakiyar rawar Marjolaine ta hango mahaifinta a bakin matakala, ya sa hularsa. Ya buɗe ƙofa, ya koma gefe, ya riƙe ta na ɗan lokaci kamar mai jiran wata ta wuce. Sannan ya lanƙwasa hannunsa ya miƙa kamar mai ba matarsa ta kama, ya fita a hankali.