Tulun da Dewasi Ya Huda

Rana ta gama nutsewa a bayan itatuwan kwakwa, ƙararrawar coci ta yi shiru, kiran sallar magariba yana tasowa daga tsallaken tafkin Ashtamudi. Rosili tana kicin tana farfasa dafaffen rogo a tukunya, miyar kifi na tafasa a gefe, sai ta ji mijinta yana kiranta daga bayan gida.

"Rosili, sauke wannan ki zo ki gani. Ki taho da Linsi."

Ta san abin da za ta gani. Tun da Dewasi ya dawo daga Maskat, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zuba wa baƙi barasa a otal, ba shi da magana sai ta ɗakin nan na bayan gida. Ya ce ya gaji da tsayuwa a bayan kantar wani, yanzu tasa zai kafa, ya zauna da abokansa ba mai kiransa da tafi. Kafinta ya yi masa kanta da katakon tsohon kwalekwale, ya jera kwalabe, sannan ya duƙufa yin fitilu da hannunsa. Ƙoƙon kwakwa ya goge har ya yi sheƙi, ya huhhuda shi. Kwandon gora na kama kifi ya kife, ya sa masa ƙwan lantarki a ciki. Akwai wata ta bawon kawa da ya tsara a igiyar zaren kwakwa, in iska ta kaɗa sai ta riƙa ƙara kamar haƙoran mai jin sanyi. Rosili ba ta hana shi ba. Gara ya sha a gida inda take ganinsa, da a ɗauko mata shi daga rumfar bammi.

Fitilar yau kuwa daban take. Wani tsohon tulu ne, baƙi, mai faɗin ciki, da ya tono daga taɓo a bakin tafki, ƙarƙashin saiwoyin da suka rufe wata rumfar jirage da aka daɗe da bari. Ya kankare shi, ya shanya. Da aka zo huji, 'yarsu tilo, Linsi, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon jinya, ita ta zauna ta riƙe masa shi tsakanin gwiwoyinta, shi kuma yana bi da inji yana fitar da siffar kifaye da ganyen kwakwa. Ta ce masa tulun da ɗumi. Ya ce zafin inji ne.

Yanzu ga shi rataye a saman kantar. Dewasi ya gyara ɗaurin zanensa, ya kashe sauran fitilun, ya danna makunni.

Rosili ba za ta yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Kifaye na haske suka bazu a bango da rufi, tulun yana ɗan juyawa, su ma suna iyo a hankali. Ta buɗe baki za ta yaba, sai ta ji wani siririn kuka, irin na 'ya'yan kyanwa da ba su buɗe ido ba. Ta duba ƙarƙashin kanta, ba komai. Kukan daga sama yake.

Linsi ta rufe fuskarta da tafin hannu.

"Appa, kashe," ta ce wa ubanta. "Yana ƙona su."

"Yana ƙona su wa?"

Ta sauke hannunta ta dube shi kamar wadda aka tasa daga barci. Ta ce ita ba ta ce komai ba. A daidai nan dutse na farko ya faɗo a kan rufin gidan, ya gangaro a hankali, ya faɗi a bakin ƙofa. Jiƙe yake sharkaf, da baƙin taɓo a jikinsa.

Daga ranar, da zarar magariba ta kawo jiki sai jifa ta fara. Dewasi da abokinsa Lazar suka zagaya gidan da tocila da sanda, suka zagi maƙwabtan da ba su ji ba ba su gani ba, ba su kama ko inuwa ba. Duwatsun ba su tsaya a rufi ba. Wata yamma Rosili ta kulle ƙofar kicin da tagoginsa, tana tsaye, dutse ya faɗo cikin tukunyar miya, miyar ta fantsama mata a hannu. Gidan ya ɗauki warin ƙasan tafki, warin da ba turaren da ya kore shi. Ƙwayayen fitilun ɗakin baya suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, na cikin tulun ne kaɗai bai fashe ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sami yarinyar. Ta fara da cewa idonta na yaji. Sai ta daina fita tsakar gida da rana. Sai ta ɗaure fuskarta da tawul ta shige ɗakin ajiyar shinkafa, inda ba taga, ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. In an kunna kyandir a gaban hoton Yesu don addu'ar yamma, sai ta riƙa gurnani tana yagar fatar idonta da farce, har sai da Rosili ta yanke mata farcen tana kuka. Likitan ido a Kollam ya haska, ya duba, ya ce bai ga ciwo ba. Fada, limamin cocinsu, ya zo ya yayyafa ruwa mai tsarki a kowane lungu, aka sami lafiyar yamma ɗaya, washegari jifa ta dawo da ƙarfi.

"Cetta, ka sauke tulun nan," in ji Rosili ga mijinta, da sunan girmamawar da take kiransa da shi. "Tun ranar da ka kunna shi ba mu ga daidai ba."

"Tulu ne fa, Rosili. Yumɓu ne."

Amma muryarsa ba ƙarfi, kuma a daren ya cire wayar. Bai hana komai ba. Rosili tana zaune a ƙofar ɗakin ajiya da carbi a hannu, ta ji 'yarta tana rarrashin jariri da muryar da ba tata ba, murya mai kauri ta tsohuwa, a wani yare da ba ta taɓa ji ba.

Kadar mai sayar da kifi ne ya kawo ƙarshen gardamar. Yana dawowa da kwalekwalensa wata yamma ya hangi mutum a tafki, ruwa har ƙirji, fuska ɗaure da tawul, yana ƙara nutsawa. Ya jawo ta da ƙyar, ya kawo ta gida tana ɗigar ruwa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya dubi Rosili, wadda ta girme shi har yake ce mata Ceci, wato yaya, ya ce, "Ceci, ni ba malami ba ne, amma yarinyar nan da na ɗaga ta fi buhu uku nauyi. Ku bar ni in ɗauko Kunjali Musaliyar. Ba ya tambayar addinin mai ciwo."

Dewasi ya gyaɗa kai kawai.

Washegari da la'asar Kadar ya tsallako da shi. Tsoho ne siriri, mai farin rawani, wanda ya daɗe yana koyar da karatu a masallacin tsallake. Bai nemi ganin yarinyar ba tukuna. Ya ce a kai shi inda abin ya fara. Ya tsaya a gaban kantar, bai kalli kwalaben ba, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban tulun.

"A ina ka samo shi?"

Dewasi ya faɗa masa.

"Da ka ciro shi, ka yi sallama? Ka ambaci sunan Allah, ko da irin naku?"

"Ustaz, wa ke yi wa tulu sallama?"

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. Ya ce a sauke shi a ajiye a ƙasa. Ya yi sallar magariba a baranda, sannan ya sa aka kawo Linsi aka zaunar da ita a tabarma kusa da tulun, uwarta na riƙe da ita ta baya. Ya hana a kunna ko ashana. Ya dubi mata da mijin ya ce, "Duk abin da za ku ji, kada wanda ya amsa. Da ni za ta yi magana. Bakinku ƙofa ne, ku rufe shi."

Ya fara karatu a hankali. Jifa ta ɓarke a kan rufi kamar ruwan ƙanƙara, ta yi ta yi, sannan ta tsaya cak. Rosili ta ji jikin 'yarta ya yi sanyi ƙalau, ya yi tauri a hannunta. Kan yarinyar ya ɗago.

"Ya isa, tsoho. Ina jin ka."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan nan da ke gabanka. Tun kakan kakan mutumin nan bai iya tafiya ba nake cikinsa."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ita ta riƙe, shi ya huda. Jego nake yi. Na lulluɓe 'ya'yana a cikin duhu, aka ɗauke mu, aka wanke mu da sabulu, na yi haƙuri. Aka shigo da ƙarfe ta bango, na yi haƙuri, na ce zan kwashe su in sun yi ƙwari. Sai aka kunna mana rana a tsakiyar ɗaki." Muryar ta tsaya, ta dawo ƙasa ƙasa. "Ƙaramin bai kwana ba. Sauran suna nan, idanunsu sun yi fari."

Rosili ta ji hawaye na zubo mata, ba ta san wa take yi wa kukan ba.

"Ba su sani ba," in ji Ustaz. "Ba sa ganin ku. Wanda bai sani ba, ba a kama shi da laifin mai ganganci."

"Wuta ma ba ta sani ba, amma tana ƙuna."

"Za a toshe hujin duka da yumɓu, a mayar miki da gidanki inda yake, kuma ba mai sake taka wurin. Ki fita ki bar baiwar Allah."

"In an toshe hujin tulu, wa zai toshe na idon 'ya'yana? Ido nake so. Nata masu kyau ne, na riga na kama su."

Ustaz ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta fara murɗewa, wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika ɗakin, muryar tana nishi amma ba ta saki ba.

"Ƙona ni, tsoho. Zan ƙone da su a hannuna."

Linsi ta yi ƙara da muryarta ta gaskiya, ta kira ubanta sau ɗaya. Rosili ta ji motsi a gefenta, ta miƙa hannu cikin duhu don ta toshe wa mijinta baki, ba ta kai ba.

"Ni na huda," in ji Dewasi. "Ita cewa na yi ta riƙe. Ki ɗauki nawa."

"Yi shiru," in ji Ustaz da sauri.

Sai muryar ta ce, a natse, "Na ji. Da bakinsa ya bayar."

Da tsohon ya sake buɗe baki, muryarsa ta gaji. "Mutum ne mai iyali, da idon nan yake ciyar da su. Kin san zafin 'ya'ya. Ba ki da iko da abin da Allah bai ba ki ba, kuma zan tsaya a kanki har asuba in kin ƙi."

"Ba ruwana da ganinsa na rana, naku ne. Na dare nawa ne."

"Ki yafe gaba ɗaya, ya fi miki."

"Ku mayar mini da gidana."

Ya sa ta rantse da alkawarin da kakanninta suka yi wa Annabi Sulaimanu cewa ba za ta sake kusantar yarinyar ba, ta rantse. Ya sake roƙonta a kan uban, ba ta amsa ba. Linsi ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta faɗo a ƙirjin uwarta da nauyinta na da. Can ta kira uwarta da sunan da ta saba kiranta, "Amma, me ya sa kuka zauna a duhu?"

Da safe Dewasi ya kwaɓa yumɓu ya toshe hujin ɗaya bayan ɗaya da yatsansa, shi da Kadar suka mayar da tulun ƙarƙashin saiwoyin. Rosili ta raka Ustaz bakin ruwa ta tambaye shi ko abin zai taɓa mijinta. Ya ce bai sani ba, wani lokaci suna yafewa, su dai yi ta addu'a.

Jifa ta ɗauke. Warin ya tafi. Linsi ta cire tawul, ta ci abinci, ta fara shirin komawa makaranta. Mako ya zagayo ba abin da ya faru, har Rosili ta fara sakin jiki. Ran Asabar Dewasi ya sayo sababbin ƙwayaye ya sa wa fitilun da suka rage, ya ce Lazar zai zo da yamma su ɗan zauna.

Magariba ta yi. Rosili ta shigo ɗakin baya da farantin soyayyen kifi, Linsi na biye da ita da ruwa. Fitilar kwakwa na ci, ta kwando na ci, ta bawon kawa na ci, ɗakin ya yi ja da haske. Dewasi yana tsaye a bayan kantarsa, ya dafa ta da hannu biyu, idanunsa a buɗe suna kallon bango.

"Rosili, ke ce? Kunna mana fitilun mana, Lazar na hanya."

Linsi ta buɗe baki, uwarta ta damƙe mata hannu. Rosili ta ajiye farantin a hankali.

"An ɗauke wuta, Cetta."

Fanka tana juyawa a saman kansa, iskarta na kaɗa masa gashi. Ya ɗan ɗaga fuska ya saurare ta. Sannan ya laluba bayansa har ya sami kujera, ya zauna.

"To," ya ce. "Bari mu jira su kawo."