Eriyar Gidan Malam Inuwa

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Laraba mai unguwar Ƙwarin Marke ya kira ofishin 'yan sanda na Doguwa, ya ce mutum ya faɗo daga tsani ya rasu. Sufeto Mas'ud ya ajiye waya, ya ƙarasa shayinsa tukuna. Shekara ashirin da uku yana ɗaga mayafi yana duba fuskar gawa, zuciyarsa ta daɗe da daina tsinkewa.

Ya tarar da gawar Malam Inuwa, mai sayar da maganin dabbobi, a tsakar gida an lulluɓe ta da zane. Rauni ɗaya ne, a ƙeya. Tsani na jingine da bango, sama da shi kuma doguwar gora ɗauke da farar eriya, wayoyinta biyu sun gangaro sun shige taga.

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Labaran, ƙaninsa."

"Yaushe?"

"Bayan azahar. Da hantsi na wuto na gan shi a kan tsanin, na ce Yaya sauko, ya ce intanet ɗin Hajara ne ya ƙi gudu kwana uku, ga jarrabawarta ranar Asabar. Na wuce kasuwar Tudun Wada. Da na dawo, sai wannan."

Sufeto ya rubuta. Ma'aikacin asibiti ya duba raunin ya ɗauki hoto, aka yi jana'iza kafin la'asar ta ƙwace.

Hajara, matar mamacin, malamar firamare ce mai ƙaro karatu ta intanet. Tun Litinin tana Kiru wajen suna, a can labari ya same ta. Washegari da Sufeto ya koma, ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki cikin mayafin takaba, ƙullin kaya uku a gefenta.

"Tafiya za ki yi?"

"Inna ta ce in je Kiru in yi takabar a can. Yaran za su zauna."

Inna ita ce mahaifiyar su Inuwa da Labaran. Tana ƙarƙashin rumfa da carbi a hannu, ta juya wa ɗakin baya.

"Me kika yi mata?"

"Ni na ce a saya mana rautar, na'urar intanet ɗin nan, yallaɓai. Ni na ce ya tabbata tana aiki kafin Asabar. Da ban ce ba, da bai hau ba."

Ba kuka take yi ba. Yadda ake karanta sunayen 'yan aji ta faɗa.

"Da kika tafi Litinin, tana gudu?"

"Lafiya lau take."

"Wa ya haɗa muku?"

"Mujitaba, mai gyaran waya a Tudun Wada."

"Ki ɗan jinkirta tafiyar zuwa gobe."

Ta ce to, ba ta tambayi dalili ba.

Sufeto ba masanin na'ura ba ne, wayarsa ma 'yarsa ce ke saita masa. Amma ya san abu ɗaya: Litinin da safe zuwa Laraba da hantsi ba su cika kwana uku ba. Ƙila ƙidayar mai jimami ce. Duk da haka ya aika a ɗauko Mujitaba a babur.

Mujitaba mutum ne mai furfura a gemu da surutu kamar rediyo, amma da ya shigo gidan sai ya rage murya. Ya yi ta'aziyya, ya ɗaga kai ya dubi gora, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya juya wannan?"

"Shi marigayin, aka ce."

"Haba, yallaɓai. Malam Inuwa ba zai juya ta nan ba ko a mafarki."

"Don me? Ga ƙarfen sabis can kan dutse, ko makaho ya lallaɓa zai taɓa shi. Ba can ya kamata ta kalla ba?"

"Haka kowa ke zato. Zo ka gani."

Suka shiga ɗaki. Rautar, ɗan farin akwati, tana kan kanta kusa da batirin sola. Mujitaba ya haɗa wayarsa da ita ya nuna wa Sufeto allo.

"Ka ga sandunan sabis sun cika fal? Amma buɗe shafi ka gani, sai ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Wancan ƙarfen na kusa hanya ɗaya gare shi, kuma duk ƙauyukan nan a kansa suke. Na hanyar Tudun Wada yana da nisa, ido ba ya ganinsa, amma hanya biyu yake bayarwa. Rautar nan ta iya haɗa su ta sha daga duka biyun lokaci guda, kamar mai ban ruwa da tiyo biyu. In ta haɗa, sai alamar ƙari ta fito a gaban 4G. Yanzu ka ga babu ita."

"Shi ya san wannan?"

"Wuni guda muka yi ni da shi muna juya gorar nan kaɗan-kaɗan har alamar ta fito. Shi da kansa ya shafa jan fenti."

Ya fita da Sufeto bayan ɗaki. Gindin gorar yana cikin bututun ƙarfe da aka kafa da siminti. Ga ɗigon jan fenti a gora, ga wani a bututu, suna daidai da juna.

"Daga ƙasa ake juya ta, yallaɓai, da hannu ɗaya. In iska ta karkata ta, sai ka mayar da ja kan ja. Tsani na mene ne? Wannan gorar ba a taɓa ta ba. Can sama aka kama kan eriyar aka murɗe."

Sufeto ya dubi tsanin. Bai ji komai ba, sai dai ya lura ya daina jin yunwar da ya zo da ita.

"Akwatin nan yana tuna lokaci?"

"In ba a kashe shi ba."

Ba a kashe ba. Sola ba ta san an yi mutuwa ba. Mujitaba ya yi ta gangara da yatsa.

"Litinin, hanya biyu. Talata, hanya biyu. Laraba ma haka, har ƙarfe sha biyu da minti arba'in da ɗaya. Nan ta biyun ta yanke, ba ta dawo ba."

"Wato ba ta yi ciwo ba sai a lokacin."

"Ko atishawa ba ta yi ba."

"Tana sanin wayoyin da suka hau ta?"

Mujitaba ya buɗe wani shafin. Waya biyu ne ranar Laraba. Ta marigayin tun safe. Wata kuma ta hau da sha biyu da kwata, ta sauka ɗaya saura minti biyar.

"Waya in ta taɓa sanin lambar sirri, da mai ita ya shigo gida take hawa da kanta. Ba ta neman izini."

Sufeto ya sa aka kira Labaran daga wajen zaman makoki, suka zauna a zaure.

"Ƙarfe nawa ka bar kasuwa jiya?"

"Bayan azahar, na faɗa maka."

"A wane masallaci ka yi salla?"

"Na bakin tasha."

"Ba ni wayarka."

Ya miƙa. Mujitaba ya duba lambar jikinta, ya duba allonsa, ya gyaɗa kai, ya fita waje abinsa.

"Wayarka tana gidan nan daga sha biyu da kwata. Ita ta zo da ƙafarta?"

"Na manta ta ne a nan da safe."

"In da haka ne, da ta hau tun safe. Labaran, rautar nan ba ta yi kwana uku tana ciwo ba. Yayanka kuma bai taɓa hawa tsani don ita ba, daga ƙasa yake juya ta. Wanda ya hau bai san haka ba, ya ga ƙarfe a kan dutse ya nufa shi. Kai me ya haɗa ku?"

A waje ana ta amsa gaisuwa.

"Burtali ne," in ji Labaran daga ƙarshe, muryarsa a ƙasa. "Na shuka masara taku shida cikin hanyar shanu. Ya ce ubanmu da shanu ya zo garin nan, ba za a ce 'ya'yansa ne suka toshe wa makiyaya hanya ba. Da safe ya je ya tuge ta duka, masara ta kai gwiwa. Na zo muka yi ka-ce-na-ce. Ya juya zai shiga ɗaki, ƙotar fartanya tana hannuna."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya. Wallahi sau ɗaya."

"Sai ka jingina tsani."

"Na ce in aka ga an taɓa eriyar, za a yarda gyara yake."

"Sunan Hajara fa? Me ya kawo shi?"

Labaran ya sunkuyar da kai.

"Dole a ce wani ne ya sa shi hawa."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Ta tsakar gida aka bi da shi zuwa ƙofar baya, don ƙofar zauren ta cika da masu gaisuwa. Da suka zo daidai rumfa ya tsaya ya ce, "Inna." Tsohuwar ta dube shi, ta dubi ankwar, yatsunta suka tsaya a kan carbi. Kofur ya ja shi suka fita.

Sufeto ya tsaya a ƙofar ɗakin Hajara.

"Malama, mijinki bai hau tsanin nan ba. Ba saboda ke ya rasu ba."

Ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana. Ya sake faɗa, a hankali, ya gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "To." Can kuma ta ce, "To, yallaɓai."

Yana shirin fita ya ji takun Inna. Ta taho da ƙyar, tana dafa bango, ta zauna a ƙasa kusa da surukarta. Ta jawo ƙullin kaya ɗaya ta fara kwancewa, yatsun sun ƙi kama ƙullin.

"Shekaranjiya ina da 'ya'ya biyu," in ji ta, ba ta dubi kowa ba. "Taya ni kwance wannan, Hajara. Idona ba ya gani."