Hujin Kunnen Saniya

Maccido ya fara ganin Lubabatu a karar shanun Illela, wata Lahadi cikin Janairun 1983. Shi malamin dabbobi ne, an turo shi yin allurar bushiya, annobar da ke kashe shanu. Ita ɗalibar kimiyya ce a Zariya, ta zo hutu, ta kawo wa mahaifinta Alhaji Idi abinci. Ta tarar da Maccido yana yi wa shanu allura, ta ce:

"Malamin shanu, ka san mi kaka tsira musu?"

"Magani mana."

Ta yi dariya ta wuce. Ya aika mata wasiƙa mai shafi huɗu. Ga amsarta:

"Kowace ƙwayar jiki tana rubuta saƙo, sunansa RNA. Kafin ya fita sai ta datse abin da ba shi da amfani, ta haɗa sauran, ta sa masa hula. Cutar bushiya da nata saƙon take shigowa. Allurarka ba magani ba ce, koya wa jiki gane baƙo take yi. Wasiƙarka ma a datse ta."

Ya mayar da layi ɗaya: "Luba, ke nake so."

Sai aiki ya ɓata lamarin. Duk saniyar da aka yi wa allura huda kunnenta ake yi. Maccido ya huda na dama, daidai tsagar da gidan Alhaji Idi ke gane shanunsu da ita tun kakanni. Yana kan ta shida Alhaji ya dakatar da shi.

"Wanda ya ɓata shaidar kakana ba zai auri ɗiyata ba."

Saura shanu talatin da huɗu ba allura. Wani ɗan fatake daga Ƙonni kuma ya fara aiko da goron neman auren Lubabatu.

Lubabatu ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, saniya kunne nawa gare ta?"

"Rainin wayo kika koyo Zariya?"

"A'a, Baba. A bar wa kaka na dama, a ba shi na hagu."

Alhaji ya ce a kira yaron ya ƙarasa allurar, ya huda na hagu.

Cikin Maris bushiya ta ratsa yankin. Garke-garke suka kwanta. Alhaji Idi ya ƙirga nasa: arba'in, duk a tsaye. Da kansa ya je wurin Maccido.

"Ka turo magabatanka ran Juma'a."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. Ana shafa fatiha makiyaya suka kewaye ango, kowa na son a duba masa garke.

Alhaji Idi ya shiga tsakani.

"Ku bar min surukina shi huta kwana bakwai. Allah shi yi musu albarka."

Taro ya amsa da amin.